Oga, Ina Yaron Nan Naka?

Duk wanda ya saba kai mota ko Keke gyara a Maiduguri ya san wannan tambayar. Direba zai shigo gareji ya kashe inji, ya gaisa da mai wurin, a tambayi iyali, a tambayi zafi, sannan ya ɗan waiga hagu da dama ya ce, "Oga, ina yaron nan naka?" Ba sai ya kama suna ba. Garejin yana iya tara yara goma, amma kowa ya san wanda ake nufi. In aka ce an aike shi sayen kaya, sai direban ya ja benci zuwa inuwar darbejiya ya ce zai jira, ko da kuwa oga da kansa ya riga ya ɗauki sifana.

Wanda ake nema ɗin galibi ya haura shekara 25, wani ma da matarsa da 'ya'yansa. Tun yana ƙarami mahaifinsa ya riƙo hannunsa ya kawo shi, ya ce ga amana. Ya fara da wanke notuna a gwangwanin fetur, da miƙo sifana mai lamba 10 ko 12, da sayo ƙosai. Ya sha rankwashi a kan ɓatar da washa ɗaya. Yau shi ne zai ɗora tsinin sukundireba a jikin inji yana aiki, ya kanga kunnensa a mariƙin, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ɗago ya ce boris ne. A kwance, a tarar boris ɗin ne. Oga kuwa yana can gefe yana ciniki da mai mota, don shi ke yanke kuɗin aiki, shi ke karɓa, da yamma kuma ya zaro abin da ya sawwaƙa ya ce ga na sabulu.

Garin nan ya ci moriyar irin waɗannan hannaye fiye da yadda ake faɗa. A watan Yulin 2011, da gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri saboda hare-haren da ake kaiwa a kansa, ba 'yan acaba kaɗai suka wayi gari ba sana'a ba, har da kanikawan da babur ne iyakar saninsu. Keke ya cika tituna daga Bulumkutu zuwa Custom, kuma samarin gareji ne suka fara zama a ƙasa suka warware injin Bajaj da TVS, suka gane halinsa, tun kafin iyayen gidansu su yarda cewa babur ba zai dawo ba. Haka aka sake gani bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shanye Gwange da Kasuwar Monday har ya shiga fadar Shehu. Da ruwa ya janye, motoci da Kekunan da suka kwana a cikinsa suka yi layi a gareji. Aiki ne mai son haƙuri. Ba a tayar da injin da ya sha ruwa. Sai an cire fulogi, an juya shi a hankali ruwan ya fito, an juye baƙin man da ya koma fari-fari, an wanke tanki, an bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya an busar. Wanda ya yi gaggawar murɗa makulli, ya lanƙwasa ƙarfen cikin inji, ya ja wa mai Keke asarar da balas ɗin wata guda ba zai biya ba. Su wa suka durƙusa cikin laka suka yi wannan aikin? Su ne dai.

Sai wata rana ka zo ka tarar yaron ba ya nan. Ya samu wani fili a bakin hanya, ya kafa rumfa, ya sayi akwatin sifanu na hannu. Kafin wata uku rabin direbobin sun bi shi. Oga ya zauna yana cewa ɗan Adam butulu ne, shi da ya raine shi tun bai san hannunsa na dama ba. Ina jin zafin ogan, kuma zan dawo kan haƙƙinsa. Amma akwai wani gareji a Ingila da tarihinsa ya nuna wannan al'amari ƙarara, har da abin da ya biyo baya shekara da shekaru, don can komai a rubuce yake.

Gasar Formula 1 ita ce ƙololuwar tseren motoci masu kujera ɗaya, waɗanda tayoyinsu huɗu suke a fili ba a rufe su da jikin mota ba. Suna wuce kilomita 300 a awa. Kowace ƙungiya motoci biyu take sakawa, kuma ita ke ƙera motarta. Kofi biyu ake ci a shekara, ɗaya na direba, ɗaya na maƙera. Mai kallo a talabijin direba yake gani, amma in motar ta shigo canjin taya sai mutum kusan 20 su yi mata caa. Kowace taya mutum uku ne: ɗaya da bindigar iska mai kwance noti guda ɗaya tal da ke tsakiya, ɗaya ya zare tsohuwar, ɗaya ya cusa sabuwar. Wani ya ɗaga gaba da jak, wani baya. A birnin Baku na Azarbaijan a 2016, kanikawan ƙungiyar Williams sun canza wa Felipe Massa tayoyi huɗu cikin sakan 1.92. Wannan ƙungiyar ce nake son a duba.

Frank Williams, wanda aka haifa a 1942, ba ɗan masu kuɗi ba ne. Ya yi tallan kayan abinci gari-gari don ya samu abin shiga tsere, ya kafa ƙaramin kamfaninsa a 1966. Ya sayi mota ya ba abokinsa Piers Courage, wanda ya zo na biyu sau biyu a 1969, sannan ya mutu a cikin motar ƙungiyar a tseren Holan a 1970. Shekarun da suka biyo baya bashi ne da kame-kame. An yanke masa wayar ofis saboda rashin biya, ya koma yin harkokinsa daga rumfar wayar jama'a ta bakin titi. A 1976 wani attajirin mai daga Kanada, Walter Wolf, ya sayi kashi 60 cikin 100 na kamfanin, ba a jima ba Frank ya ga ya zama ɗan aiki a wurin da ya gina da hannunsa. A 1977 ya tattara ya fita.

Bai fita shi kaɗai ba. Ya tafi da wani matashin injiniya mai suna Patrick Head, suka kama wani tsohon sito na darduma a garin Didcot, suka kafa sabon kamfani. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne yadda suka raba: Frank kashi 70, Head kashi 30. A lokacin kashi 30 na sito ne fanko da motar hannu da suka saya, amma an rubuta, kuma an san na waye. A ganina mutumin da ya ɗanɗani zama bare a gidansa ne ya iya yin wannan rabon. Aiki ma a rabe yake. Frank ya nemo kuɗi, ya nemo direbobi, Head ya zana mota ya tsaya a kan kanikawa. Kuɗin farko mai kauri daga Saudiyya ya fito, kamfanin jiragen sama na Saudia ya sa sunansa a jikin motar. A watan Yulin 1979 Clay Regazzoni ya ci musu tseren farko a Silverstone. A 1980 Alan Jones ya zama zakaran duniya, ƙungiyar kuma ta ɗauki kofin maƙera.

Ranar da aka ga amfanin kashi 30 ɗin nan ta zo a watan Maris na 1986. Frank yana tuƙa motar haya daga filin gwaji na Paul Ricard a kudancin Faransa zuwa filin jirgi, motar ta kufce ta kife, wuyansa ya karye. Ya rayu, amma bai sake taka ƙafarsa ba, a keken guragu ya ƙare sauran rayuwarsa. Yana kwance a asibiti tsakanin rai da mutuwa, aiki bai tsaya ba ko na kwana ɗaya. Head ya riƙe wurin, don nasa ne shi ma, kuma a ƙarshen wannan shekarar Williams ce ta ɗauki kofin maƙera, ta sake ɗauka a 1987. Mai karatu ya tuna garejin unguwarsu. In oga ya kwanta jinya wata shida, ko ya tafi aikin Hajji ma kawai, me ake tararwa? Sau nawa muka ga maigida ya rasu, kafin sadakar arba'in an raba sifanu, an sayar da jak da injin walda, yara sun watse, filin ya koma wurin ajiye bulo?

A 1990 wani injiniya ya shigo, Adrian Newey, gwanin sarrafa iskar da ke bi ta jikin mota don ta danne ta a ƙasa a kan kwana. Shi da Head suka fitar da motocin da suka gagari kowa. A 1992 Nigel Mansell ya ci tsere 9 cikin 16. Alain Prost ya zama zakara a 1993, Damon Hill a 1996, Jacques Villeneuve a 1997. Jimilla ƙungiyar ta ɗauki kofin maƙera sau 9 da na direba sau 7, duka tsakanin 1980 da 1997.

Cikin waɗannan shekarun ne kuma aka yi rashin da ya fi girgiza gasar. Ranar 1 ga Mayun 1994 Ayrton Senna ɗan Brazil, zakaran duniya sau uku, ya mutu a cikin motar Williams a Imola ta Italiya. Kafin nan an yanke sandar sitiyarin motarsa an yi mata ƙari da walda don ta dace da zamansa. Bincike da shari'a sun ɗauki shekara 13, kuma a 2007 babbar kotun Italiya ta tsaya a kan cewa karyewar sandar ce sanadi, ko da yake injiniyoyin ƙungiyar sun daɗe suna jayayya a kan ko kafin karon ta karye ko a cikinsa. Abin da ya tsaya mini a nan shi ne waɗanda aka gurfanar: ba Frank kaɗai ba, har da Head da Newey. Ranar tuhuma, mai zane da mai aiki suna cikin waɗanda aka kira. Mai walda a Tashar Baga da ke ɗinke ƙarfen ƙafar motar da za ta ɗauki mutum 18 zuwa Monguno, nauyin da ke wuyansa irin wannan ne, ko da ba kotun da za ta neme shi.

To, mutumin da ake kira ranar tuhuma ya ga ya kamata a kira shi ranar shawara. Newey ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa an yi masa alkawarin za a riƙa tuntuɓarsa a manyan al'amura, musamman zaɓen direba. Sai aka yanke shawarar sallamar Damon Hill a cikin shekarar da yake kan hanyar zama zakara, aka ɗauko Heinz-Harald Frentzen, shi kuwa bai ji ba sai bayan an gama. Ya kuma nemi a ba shi hannun jari a kamfanin, Frank bai yarda ba. A ƙarshen 1996 ya ajiye aiki, a 1997 ya koma ƙungiyar McLaren. A 1998 McLaren ta ɗauki kofuna biyun. Daga baya Newey ya koma ƙungiyar Red Bull, inda motocinsa suka ba Sebastian Vettel kofi huɗu a jere daga 2010 zuwa 2013, sannan Max Verstappen ya biyo. Williams kuwa tun daga 1997 ba ta sake ɗaukar kofi ba. Shekaru bayan haka Frank ya amsa da bakinsa cewa hana Newey hannun jarin nan kuskure ne.

Adalci ne a ce ba tafiyar mutum ɗaya ce kaɗai ta durƙusar da su ba. Kamfanin Renault ya janye daga ba su inji a ƙarshen 1997. BMW ya zo a 2000, ya tafi bayan 2005 ya sayi wata ƙungiyar. Gasar ta koma ta manyan kamfanoni masu kuɗin da iyali ɗaya ba za su iya ja da su ba. Amma abin mamaki a wurina shi ne Frank mutum ne da ya fi kowa sanin cewa direba ba shi ne komai ba, kofin maƙera ya fi ɗauka da daraja, zakarun direbobi ma bai ji tsoron rabuwa da su ba. Duk da haka abin da ya iya bayarwa lokacin da ba shi da komai, ya kasa bayarwa lokacin da kamfani ya zama dukiya. Rabon riba yana da sauƙi ranar da babu ribar.

Sauran labarin gangara ce. Tseren ƙarshe da suka ci shi ne na Sifaniya a 2012. 'Yarsa Claire ta karɓi ragamar yau da kullum daga 2013, suka ɗan farfaɗo suka zo na uku a 2014 da 2015, sannan suka koma can ƙasa. A 2019 motar ba ta ma kammalu a kan lokaci ba, aka fara gwajin farkon shekara babu su. A 2020 ko maki ɗaya ba su samu ba, kuma a watan Agustan shekarar iyalin suka sayar wa wani kamfanin zuba jari na Amurka, Dorilton Capital. Frank ya rasu a watan Nuwamban 2021 yana da shekara 79. Sabon shugaban da aka kawo a 2023, James Vowles, ya bayyana cewa ya tarar ana bin lissafin sassan mota kusan 20,000 a cikin jadawalin Excel guda ɗaya. Shi kuwa Newey, da ƙungiyar Aston Martin ta ɗauke shi a 2024 yana da shekara 65, cikin abin da ta ba shi har da hannun jari.

Yanzu haƙƙin oga. Shi ya ciyar da yaron shekara goma ba ya kawo ko sisi. Shi ya kai shi kemis ranar da giya ta danne masa yatsa. Filin nasa ne ko shi ke biyan haya, kayan aiki nasa ne, kuma in aka lalata injin wani, shi ake riƙe wa wuyan riga. Sannan yaye yaro ba asara ba ce, shi ne maƙasudin koyon sana'a tun asali, kuma ogan da ya haɗa wa yaronsa kayan aiki ya sa masa albarka ya sallame shi ya yi abin da ya dace. Ba da wannan nake ba. Ina magana ne a kan wanda ya gama koyo tun tuni, ba a yaye shi ba, ba a kuma ɗaga shi ba, an bar shi a tsakiya shekara biyar, shekara bakwai, garejin yana ci da hannunsa shi kuma yana jiran na sabulu. Irin wannan ba ya fita da sallama, da ɓacin rai yake fita, kuma da direbobi yake fita.

Ba sai mun je Ingila aron dabara ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Borno har Sakkwato, an yi bayanin halaccin tarayya ta aikin jiki, wato mutum biyu masu sana'a iri ɗaya su yi aiki a wuri ɗaya su raba abin da aka samu. An kuma yi bayanin ƙiradi, inda mai dukiya ke ba da jari mai aiki ya juya, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko. 'Yan kasuwarmu sun daɗe a kan wannan. Mai Keke ma ya san iyakar balas ɗin da zai kai wa mai shi da yamma, abin da ya haura nasa ne, shi ya sa yake fitowa tun asuba. A gareji ne aka bar abin a hannun "abin da ya sawwaƙa". Me zai hana a ce babban yaro yana da kashi sananne a kuɗin kowane aikin da ya yi, ɗaya bisa uku ko yadda suka daidaita, a rubuta a littafi, a gaban mahaifinsa da wani dattijo na ƙungiyar kanikawa ta NATA? Kashin da ba a ambata ba, kowa da nasa lissafin a zuci, kuma daga nan ne zargi ke tsirowa.

Akwai kuma abin da ba kuɗi ba, wanda nake ganin ya fi ciwo. Oga zai karɓi aikin da ya san ba zai gamu a kwana biyu ba, ya yi wa mai mota alkawari, bai tambayi wanda zai kwana a ƙarƙashin motar ba. Zai sayo jabun kaya don ya rage kuɗi, yaron ya ce wannan ba zai riƙe ba, a ce masa yaushe aka haife ka. In ya lalace kuma a gaban mai mota za a zage shi. Cewa "zo ka duba, me ka gani?" kafin a yanke magana ba ya rage wa maigida girma ko kaɗan. Newey ma, bisa nasa bayanin, rashin a tambaye shi ne ya fara tunzura shi.

Lamarin yana ƙara matsowa, don sana'ar kanta tana sauyawa a gabanmu. Motocin da ke shigowa yanzu da kwamfuta a cikinsu, sai an jona na'ura ta karanta kafin a san ciwon. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ake ƙara waiwayar motoci masu batir, kuma a nan Maiduguri Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables sun riga sun nuna ana iya cire injin fetur daga ƙaramar bas a sa mata na lantarki, gwamnatin jihar ma ta sa irin waɗannan motoci a hanya. Motar lantarki ba ta da kafireta, ba ta da fulogi, ba a yi mata juyen baƙin mai. Wanda zai gane ta shi ne saurayin da ke zuwa gareji da safe, ya leƙa aji a kwalejin Ramat da rana, ya kwana yana kallon bidiyon gyara a wayarsa. Wannan ilimin ba oga ne ya ba shi ba, don haka "ni na koya maka" ba za ta ɗaure shi ba yadda ta ɗaure na gabansa. Kuma in zai tafi ba ya bukatar fili ko rumfa. Kayan aikinsa jaka ɗaya ce, masu motoci kuma lambarsa suke da ita, ba ta garejin ba.